Ruwa a cikin kwamfuta ta hannu: wa zai ɗauki asarar?

Akwai wata rigima da ba ta ƙarewa a kasuwannin kayan lantarki, tun daga Farm Centre da titin Beirut a Kano, zuwa Banex a Abuja, har Computer Village da ke Ikeja. Mutum ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu. An kunna masa ita a shago, ya latsa nan ya latsa can, ya ga komai yana aiki, ya biya ya tafi. Bayan sati uku ko wata guda sai ta daina ɗaukar caji, ko sikirin ya yi duhu alhali fanka tana juyawa, ko a wayi gari ta ƙi tashi sam. Ya kai ta wurin mai gyara, aka kwance bayanta, sai ga wani abu kore-kore da fari-fari ya feso a kan bod. Mai gyara ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ruwa ta sha." Mai saye ya rantse da Allah ko ɗigo bai taɓa zuba mata ba. Mai shago shi ma ya rantse lafiya ƙalau ya miƙa masa ita, ya ƙara da cewa ko a rasit an rubuta ruwa ba ya cikin garanti. Abin da ya sa rabon wannan faɗa ke da wuya shi ne, sau da yawa dukansu biyu gaskiya suke faɗi.

Bari a fara kawar da tambaya mai sauƙi, wato garantin kamfani. Abin da Apple ko HP ko Dell ko Lenovo ke bayarwa alkawari ne a kan abu guda: in matsala ta taso daga kayan da aka ƙera na'urar da su, ko daga yadda aka harhaɗa ta a masana'anta, kamfani zai gyara ko ya canza. Duk abin da ya same ta daga waje, faɗuwa ce, gobara ce, ruwa ne, an fitar da shi a rubuce. Wanda yake son a rufa masa asiri ranar da shayi ya zube sai ya sayi wani tsari daban tun kwamfutar tana sabuwa, tsarin da a haƙiƙa inshora ne. Na Apple shi ne AppleCare+, kuma ko da shi ba kyauta ake gyaran ba. A Amurka mai MacBook yakan biya dala 99 in sikirin ne ko gangar jiki, dala 299 in ɓarnar ta shiga ciki, ruwa kuwa cikin wannan rukuni yake faɗawa. Sauran kamfanonin ukun kowa da irin nasa.

Garanti galibi na'ura yake bi, ta lambar da ke jikinta, don haka mai saye na biyu yana iya gadon abin da ya rage. Dell ma har fom take da shi na sauya sunan mai kaya. Kowa zai iya shiga shafin kamfanin a intanet, ya zuba lambar, ya ga ranar da garantin ya ƙare ko zai ƙare. Sai dai mafi yawan masu dubawa za su tarar ya daɗe da ƙarewa. EliteBook da Latitude da ThinkPad da suka cika kasuwanninmu kayan ofisoshin Turai da Amurka ne, waɗanda kan yi aiki da su shekara uku ko huɗu, su sallame su daidai lokacin da alkawarin kamfani ya kai ƙarshe. Tsarin kariya daga haɗari kuma, in ma an taɓa saya, sau da yawa ba ya aiki a wajen ƙasar da aka saye shi. Ko an yi sa'a da sauran watanni, da zarar injiniyan kamfani ya buɗe ya ga tabon ruwa, magana ta ƙare. Ba ya tambayar wa ya zuba. Shayin da wani ma'aikaci ya kifar a Landan shekara biyu da suka wuce yana nan yana bin kwamfutar har Zariya.

Kamfanoni suna da 'yan shaidunsu a ciki. Apple kan maƙala wasu ƙananan ɗigogi farare a cikin na'urorinsa, waɗanda ke komawa ja in ruwa ya taɓa su. Shaidar tasu ba ta rasa rauni ba. A 2013 Apple ya amince ya biya dala miliyan 53 don kashe wata ƙarar taron dangi a Amurka, wadda masu iPhone da iPod touch suka shigar bayan an hana su gyara saboda ɗigon ya canza launi, alhali akwai bayani daga 3M, kamfanin da ya ƙera ɗigon, cewa danshin iska ma yana iya sa shi ya yi ja-ja. A 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci Apple tarar yuro miliyan 10 saboda tallata iPhone a matsayin mai jure ruwa, sannan a ƙi gyara ta a garanti in ruwan ya yi mata lahani. Abin lura ga mai kwamfuta ta hannu shi ne, ɗigon nan iyakarsa ya ce an jiƙe. Ba ya faɗin yaushe, ba ya faɗin a hannun wa. Tambayar da ke raba gardamarmu kuwa ita ce yaushe.

Ruwa yana kashe kwamfuta ta hanya biyu, ɗaya nan take, ɗaya a hankali, kuma ta biyun ce uwar rigimar. Ruwan da muke sha, na famfo ne ko na rijiya ko na leda, yana ɗauke da gishiri-gishirin da suka narke a cikinsa, su ne ke sa shi ya ɗauki wuta. A kan bod, layin da ke kawo wuta bolt 19 daga caja yana iya wucewa kusa da layin da ke kai wa ƙwaƙwalwar kwamfuta wutar da ba ta fi bolt ɗaya da 'yan kai ba. In ɗigo ɗaya ya haɗa su, IC, wato ɗaya daga ƙananan sassan da ke kan bod, ya ƙone, kwamfuta ta mutu a gaban mai ita. Wannan ba ya jawo musu, don kowa ya san ranar da abin ya faru.

Ɗaya hanyar kuwa ba ta da ƙara ba ta da hayaƙi. Mutane da yawa suna zaton in an kashe kwamfuta wuta ta ɗauke a cikinta. Ba haka ba ne. Batirin kwamfutocin yanzu a ciki yake, a ɗaure da noti, kuma akwai layukan da ke nan da wutarsu dare da rana, suna jiran a danna maɓallin kunnawa, suna lura da caji. Duk inda danshi ya zauna tsakanin maki biyu na ƙarfe masu wuta, ƙarfen ɗaya ɓangaren zai riƙa narkewa kaɗan-kaɗan yana taruwa a ɗayan. Koren nan da mai gyara ke nunawa jan ƙarfen bod ne da ya ciwu, farin kuma ragowar dalma ce da gishirin ruwan. Ruwa yakan bushe, amma abin da ke cikinsa ba ya tafiya. Yana nan kwance, yana zuƙo danshi daga iska, aikin yana ci gaba. Manyan IC kuwa a kan ɗaruruwan 'yan ƙwallayen dalma suke zaune, tazarar da ke tsakaninsu da bod ba ta kai milimita ɗaya ba. Ruwa yana shiga nan cikin sauƙi, fitowa ce wahala. In shayi mai madara da sukari ne, ko zoɓo, ko kunu, ko lemon kwalba mai tsami, abin ya fi muni, don yakan bar danƙon da shanya ba ta kawar da shi.

Yanayinmu ma yana da hannu a jinkirin. Kwamfutar da ta taɓa shan ruwa, aka saye ta a watan Janairu lokacin hunturu, iska a bushe ƙayau, tana iya yin aiki lafiya wata da watanni. Damina tana kankama, danshi ya cika ɗaki, ƙurar da fanka ta tara a ciki ta jiƙa, tsohon tabo ya farfaɗo. Kamar wake ne da ƙwaronsa ya biyo shi tun daga gona: ranar awo ba huda ko ɗaya, sai an kwana biyu a buɗe buhu a tarar da gari.

To, a ɗora wannan a kan garantin kasuwa. Abin da mai shago ke bayarwa sati ɗaya ne, ko biyu, in ya yi karamci wata guda. Wannan wa'adi ya isa a gane batirin da ba ya riƙe caji, ko maɓallin da ba ya dannuwa, ko layi a sikirin. Don irin waɗannan aka yi shi, kuma ban ɗauka da mugunta aka tsara shi ba. Amma ya gaza wa lahanin ruwa, wanda kan ɗauki lokacin da ya fi haka kafin ya bayyana. Ga kuma jimlar nan da ake bugawa a ƙasan rasit, cewa ruwa da faɗuwa ba sa ciki. Ma'anarta ta gaskiya ita ce ruwan da mai saye ya zuba bayan ya tafi da kaya, kuma a haka adalci ce. Matsalar ita ce ana jan ta har ta rufe ruwan da ya riga cinikin shiga. Nan ne zaluncin yake. Ɗalibar da ta yi adashi ta sayi kwamfuta don rubuta aikin kammala karatu, ko matashin da ya ci bashi zai buɗe shagon buga takardu, su ake bar wa asarar abin da ya faru kafin su san kwamfutar tana duniya.

Yadda irin waɗannan kwamfutoci ke isowa ba ɓoyayye ba ne. A Turai da Amurka ladan aikin hannu yana da tsada, cibiyoyin kamfani kuma ba sa zama gyaran IC ɗaya-ɗaya, bod ɗin gaba ɗaya suke canzawa. Kuɗin yakan kusa na sabuwa, sai mai ita ko kamfanin inshora ya haƙura ya sayar da ita a matsayin matacciya. A eBay akwai rukuni guda na kayan da ba sa aiki, waɗanda ake saye don a ciri sassa. Akwai masu saye da yawa, su wanke, su tayar da waɗanda suka tasu, su haɗa cikin lodi. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Najeriya a shekara, fiye da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki, kuma mafi yawan kayan cusa su ake yi a cikin motocin tokumbo. Kafin kwamfuta ta iso teburin wani yaro a Farm Centre ta bi hannu uku ko huɗu. In ya ce maka, "Wallahi Alhaji dairek ce, ba a taɓa kwance ta ba," mai yiwuwa iyakar saninsa ke nan, don shi ma bai buɗe ba.

Akwai kuma waɗanda suka sani. Akwai mai shagon da a bayan shagonsa aka wanke bod ɗin, ya goge ta ya jera ta cikin lafiyayyu da kuɗin lafiyayyu. Akwai kuma na gida, wanda ruwan leda ya fashe a jakarsa, ko ruwan sama ya dake shi a kan babur, ya shanya kwamfutar kwana biyu, ta tashi, ya garzaya kasuwa ya yi musanya da ita tun kafin ta tona masa asiri. A nan mai shago ne aka cuta, shi kuma ya miƙa cutar gaba ba da saninsa ba.

Me doka ta ce? Dokar gasar kasuwanci da kare masu sayen kaya ta tarayya, ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka kasa ingancin da ya kamata cikin wata uku da karɓarsu, a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗi. Wata uku ya fi sati biyu nesa ba kusa ba, kuma abin da mai shago ya buga a rasit ba ya soke dokar ƙasa. Kano ma tana da tata hukumar ta kare masu sayen kaya. Amma doka ba ta ɗauke wahalar kawo hujja ba. A Tarayyar Turai garantin doka shekara biyu ne, ƙasashe na iya yarda a rage shi zuwa shekara ɗaya a kayan hannu, kuma in aibi ya fito a shekarar farko ana ɗauka da shi aka sayar, sai in mai sayarwa ya tabbatar da akasin haka. A Birtaniya, dokar 2015 ta ba da kwana 30 na mayar da kaya kai tsaye, da wata shida na irin wannan zato. Duk wannan a kan ɗan kasuwa ne. Wanda ya saya daga hannun wani mutum kawai, kariyarsa ba ta wuce a ce kayan su dace da yadda aka siffanta su ba. Kuma ko a can, tabon ruwa shi ne makamin da mai sayarwa ya fi saurin ɗauka, don yana nuna kamar laifin mai amfani ne.

A wurinmu ƙalilan ne ke kai ƙara hukuma a kan kwamfuta guda. Maganar takan ƙare a ofishin ƙungiyar kasuwa, ko gaban wani dattijo, ko wurin malam. Kuma a nan muna da abin aunawa da ya daɗe, wanda ya dace da wannan matsala ƙwarai. Hadisin da aka fi kafa hujja da shi a kan algus, wanda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, a kan kayan da ruwa ya taɓa yake. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, ya ji danshi. Mai kayan ya ba da uzurin ruwan sama. Ba a zarge shi don kayansa sun jiƙe ba, an zarge shi don ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa inda mai saye ba zai gani ba. Sayar da kwamfutar da aka wanke ba haramun ba ne. Rufe bayanta da noti a yi shiru shi ne laifin.

Malaman Malikiyya sun yi wa mas'alar aibi filla-filla. In aibin ya riga ciniki, mai saye bai sani ba, kuma irin wanda ke rage daraja ne, yana da zaɓin mayarwa, ko da mai sayarwa shi ma bai sani ba. Rashin sani yana ɗauke masa zunubi, ba ya ɗauke masa kayansa. Wanda ya sani ya ɓoye kuwa, cewa da ya yi ba ruwansa da duk abin da aka gani daga baya ba ta kuɓutar da shi. Inda mayarwa ba ta yiwu ba, akwai hanyar biyan bambanci: masana su yi wa kayan kuɗi a lafiyayye, su yi masa kuɗi da aibinsa, a cire wannan kaso daga abin da aka biya. A ce an sayi kwamfuta naira 300,000, masu sana'a suka ce sanin an wanke bod ɗinta yana rage mata kashi ɗaya cikin biyar, sai a mayar wa mai saye naira 60,000. Har ma sun yi maganar inda tsohon aibi ya haɗu da sabo a hannun mai saye: ko ya riƙe ya karɓi bambancin tsohon, ko ya mayar ya biya na sabon. Sharaɗi guda da masu saye ke yawan tuntuɓe a kansa shi ne, wanda ya gano aibi ya ci gaba da amfani da kayan kamar ya yarda, ya raunana haƙƙinsa. Ranar da mai gyara ya nuna maka kore, ranar ya kamata ka koma shago.

Ba zan yi wa 'yan kasuwa adalci ba in ban faɗi ɗaya gefen ba. Tsaurin da suke yi a kan ruwa daga wani wuri ya samo asali. Kowane mai shago ya taɓa haɗuwa da wanda yaronsa ya kifar da kofi a kan kibod, ya goge, ya shanya, ya zo da fuskar mamaki yana cewa haka kawai ta ɗauke. Wannan ma algus ne, kuma shi ne ke jawo wa mai gaskiya rashin yarda. Bugu da ƙari ƙaryar tana cutar mai yin ta, don mai gyaran da ba a faɗa wa gaskiya ba abu na farko da zai yi shi ne ya soka caja ya gani, wanda shi ne mafi munin abin da za a yi wa jiƙaƙƙen bod.

Shin mai gyara zai iya raba tsohon ruwa da sabo? Zai iya kusantar gaskiya, ba zai iya ba da kwanan wata ba. Sabon ruwa yakan bar laima a ƙarƙashin kibod, ko danƙo, ko ƙanshin abin da ya zube, kuma ana iya bin sawunsa daga inda ya shiga. Tsoho kuwa busasshe ne, ya ci ƙafafun IC har sun yi baƙi. Alamar da ta fi ƙarfi ita ce sawun hannun wani injiniya: wurin da aka sa sabuwar dalma, 'yar wayar da aka tsallake layin da ya yanke da ita, bod mai tsabta fes a cikin kwamfutar da fankarta ke cike da ƙura, ɗigogin shaida da aka ɓamɓare, kan noti da ya sha sukurudireba, ko lambar da ke cikin BIOS ta saɓa da wadda ke jikin murfi. In an ga waɗannan a kwamfutar da aka sayar da sunan ba a taɓa kwance ta ba, an gama shari'a. In ba a gan su ba, sai kore kawai, to kore yana iya fitowa cikin 'yan kwanaki in akwai wuta, yana kuma iya zama na bara. Mai gyaran kirki zai tsaya inda saninsa ya tsaya. Wanda ya yanke hukunci da ƙarfin hali don ya faranta wa wanda ya kawo masa aiki, shaidar zur ya bayar.

Gyaran kansa, rabinsa a awa ta farko yake. A zare caja, a danne maɓallin kunnawa har ta mutu, a kifa ta a buɗe don abin da ya shiga ya gangaro, a nufi wurin wanda zai cire kan batir daga bod a ranar. Kada a kunna don a gani ko tana yi. Shinkafa ba ta da amfani a nan, don ba ta isa inda ruwan yake ba, ba ta kuma kwashe gishiri da sukari. Apple ma ya fito ya gargaɗi masu iPhone su daina. Ranar Afrilu da na'urar busar da gashi suna busar da sama su bar ƙasa, zafin kuma haɗari ne ga batir. Aikin gaske shi ne a fitar da bod, a wanke shi da isopropyl, wani sipirit mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama, ko a injin wanki mai girgiza ruwa wanda ke kai wa ƙarƙashin IC, a busar da shi sosai, a duba shi a madubin ƙara girma, a auna layukan wuta ɗaya bayan ɗaya, a canza abin da ya ciwu. Muna da masu wannan sana'a ƙwararru, waɗanda ke tayar da bod ɗin da cibiyar kamfani za ta jefar. Muna kuma da masu goga buroshi sama-sama, su hura wa bod zafi da bulowa har ya tashi, su karɓi kuɗi. Irin wannan tashin na 'yan makonni ne, kuma zafin yakan ƙara gasa dattin a ƙarƙashin IC ya sa gyara na gaba ya gagara.

Wani lokaci ana sa'a, kibod ne kawai ya tafi. ThinkPad da yawa, musamman tsofaffin, an yi musu magudanar da ke fitar da ruwa ta ƙasa, kibod ɗinsu kuma noti kaɗan ne. A sirara na yanzu kuwa sau da yawa a manne yake da murfin sama, sai an canza su tare. In bod ne ya ƙi, akan ce a sa wani. Wannan wanin daga wata matacciyar kwamfuta aka ciro shi, kuma babu wanda ya san abin da ya kashe ta, don haka shi ma a nemi garantinsa a rubuce. A kuma sani cewa tun daga Windows 8 a 2012 lasisin Windows a cikin bod yake zaune, yana tafiya da tsohon.

Abin da ke cikin kwamfuta sau da yawa ya fi ta daraja, kuma a nan ake yin asarar da ba ta da magani. In SSD ɗinta, wato ma'ajiyar bayanai, mai cirewa ne, a cire shi tun kafin a fara komai. Amma in BitLocker, tsarin da ke kulle bayanai, yana kunne, kuma sababbin Windows 11 kan kunna shi da kansu, bayanan ba za su buɗu a wani bod ba sai da mabuɗin nan mai lamba 48, wanda yawanci yana ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar. A duba shi tun ana lafiya. MacBook ya fi tsanani. Tun daga masu Touch Bar na 2016 ma'ajiyar a liƙe take da bod, daga masu T2 na 2018 da masu M1 na 2020 zuwa yau kuma mabuɗin bayanan yana cikin ƙwaƙwalwar wannan bod ɗin kaɗai. Sabon bod yana nufin kwamfuta ta dawo, aikin shekaru ya tafi. Mai irin wannan, in bayanansa yake so, dole tsohon bod ɗin za a lallaɓa ya tashi ko na awa ɗaya ne a kwashe.

A ganina, in kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin kwamfutar, mai gyara kuma ya ƙi tsaya wa aikinsa ko na wata guda, gara a kwashe bayanai, a sayar da sikirin da ram da sauran sassa, a cika a sayi wata. Kuma in ana da niyyar komawa wa mai shago, kada a bari a wanke bod kafin a ɗauki hotonsa da kyau, a kira shi ya gani da idonsa. Wanki yana tafiya da hujja.

Tun da ba a iya sanin ranar da ruwa ya shiga daga baya, hujjar a ranar ciniki ya kamata a kafa ta. Kwance murfin ƙasa na yawancin kwamfutocin ofis bai wuce aikin minti biyar ba. A buɗe a gaban mai saye da mai sayarwa, a haska da fitilar waya, a ɗauki hoto har da lambar na'ura, kowa ya riƙe a wayarsa. Za a ce ai akwai sitikar da in an yage ta garanti ya ɓaci. Ko a Amurka, hukumar FTC ta rubuta wa manyan kamfanoni shida a 2018 cewa irin wannan sharaɗi ya saɓa wa dokar garanti ta 1975, balle sitikar da mai shago ya liƙa da hannunsa, wadda zai iya sake liƙa wata bayan an duba. Hoton nan kariya ce gare shi kamar yadda take ga mai saye, don ranar da aka dawo masa da bod mai danƙon zoɓo yana da abin nunawa.

Buɗewar ba ta nuna komai da komai. Fuskar bod da ke kallon kibod, wadda ita ruwa ke fara samu, ba a ganinta sai an fitar da shi gaba ɗaya. Saboda haka sai rasit ya cike giɓin. A rubuta lambar na'ura, a rubuta ko an taɓa wanke bod ko gyara shi a sanin mai shago, a kuma raba ruwa biyu a fili: wanda ya shiga bayan ciniki na mai saye ne, wanda masu gyara biyu da ba su da alaƙa da kowa suka shaida ya riga ciniki na mai shago ne har wata uku, daidai da wa'adin doka. Kwamfutar da aka wanke a ba ta nata suna da nata farashi, akwai masu ƙaramin ƙarfi da za su saye ta da saninsu su gode. Ƙungiyoyin kasuwa da suka riga suke karɓar kuɗin wata suna sasanta faɗa, su ne za su iya mayar da wannan ƙa'ida a layi guda cikin mako ɗaya. Mai shagon da ya san zai amsa tambaya har wata uku, shi ma zai nemi hoton cikin kowace kwamfuta daga dilansa na Legas kafin ya tura kuɗin lodi.